Tsohuwar da Ta Ɗaure Hannun Dije

Tun da na dawo daga Ikko ban yi aski ɗaya cikin natsuwa ba. Mutum zai zauna a kan tabarma, in jiƙa masa kai, in ɗora aska, sai ya waiwayo ya ce, "Wai Ɗanladi, da gaske ne Bature ya ba ka kujera?" Shekaranjiya saura ƙiris in raba Malam Idi mai kanwa da kunnensa. To, tunda yau kasuwar Kibiya ba ta ci, ga shi kuma kun taru, ku gyara zama in faɗa muku sau ɗaya, daga tushe har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan yau, wallahi rabin kai zan aske masa in sallame shi.

Kun san mai ɗakina Dije, 'yar mutanen Fammar, mai ƙuli-ƙuli. Bara da kaka tana cikin tuya kasko ya goce daga murhu, ta kai hannu za ta tare, tafasasshen mai ya wanke mata hannun dama tun daga yatsu har wuyan hannu. Maƙwabta suka ce a ɗora ta a jaki a kai ta disfensa Rano. Na ce a kai wa? Matar wanzami a layin disfensa, tana jiran ɗan boko mai gajeren wando ya shafa mata shuɗin magani? Ni da kakana ya yi wa rabin garin nan kaciya? Na samo gashin zomo da zuma na lulluɓe hannun, na haɗa yatsun nan wuri ɗaya na naɗe su tam da farin ƙyalle, kamar yadda ake naɗe ɗori. Na ce kada wanda ya kwance sai an yi mako uku.

Ciwo ya warke kuwa, ba ƙarya. Sai dai da aka kwance babu yatsu. Sun manne da juna, sun lanƙwashe cikin tafi, fatar ta yi tauri tana sheƙi. Ba murza ƙuli, ba kaɗi, ko ludayi sai da hagu. Dije ba ta ce mini uffan ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai alwala ce. Sai in hango ta a bakin rariya tana neman tsefe yatsun da ba su da tsakani, in ta gaji ta kwarara ruwa a kai ta tashi.

Yayanta ne ya zo daga Fammar, ko ruwan gidana bai sha ba, ya tafi da ita Rano. Daga Rano aka tura ta Kano. A Kano wani likita ya juya hannun ya juya, ya ce akwai wani Bature a Ikko mai bincike a kan tabon ƙuna, irin wannan hannun yake nema ido rufe. Aka ba mu takarda da warantin jirgin ƙasa na mutum biyu. Na ce zan raka ta ne don in ga abin da suka sani wanda ban sani ba. A nan wurin na faɗa, kuna shaida.

Motar gyaɗa muka hau zuwa Kano, mu a sama buhuna a ƙasa, ta tsaya sau uku tana tari kafin mu kai. Tashar jirgi kuwa sai ka ce ranar tashin ƙiyama, kowa da ƙunshinsa yana neman nasa. Mai duba tikiti ya sa na buɗe zabirata, ya ga asake da ƙahoni, ya tambaye ni ko yaƙi za ni. Na ce masa aikin likita ne, na gado. Ya dubi hannun Dije, ya dube ni, ya wuce.

A taragonmu akwai wani ɗan siyasa mai jar dara, tun daga Zariya yake mana bayanin mulkin kai da ake shirin karɓa. Wai da zarar Turawa sun tafi, kowa taragon manya zai shiga, mai katifa da fanka. Wani tsohon Bafillace da ke tsugune a kan buhunsa ya ce, "To wannan da muke ciki fa, wa zai zauna?" Mai jar dara ya ce kansa na ciwo. Ni kuwa da ba na ganin ciwon kai in ƙyale, na ce ya juyo in kafa masa ƙaho. Na tsaga, na kafa, na zuƙa, ya kama sarai. Jirgi bai tashi jan burki ba sai a lokacin. Ƙahon ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙwaryar furar wata baiwar Allah mutuniyar Bida. Ban ji yarenta ba, amma na gane duk abin da ta faɗa. Dije ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Rabon da in ga ta yi dariya tun kafin kaskon nan ya goce.

Iyaka ita ce kogin Kwara. Ba shinge, ba ɗan sanda, gada ce kawai ta ƙarfe, doguwa, jirgi na tafiya a kanta a hankali, kowa ya yi tsit yana karanto abin da ya sani. Amma kana ƙetarewa ka san ka bar gida. "Sannu" ta daina aiki, fura ta ɓace, itatuwa suka rufe sama. A kowace tasha mata ne ke ciniki, su ke riƙe da jakar kuɗi, mazan na gefe. Ni dai fuskokinsu nake kallo, don kowa da abin da ya dame shi. Tsagar wasu faɗi gare ta kamar kunyar dankali. Na ce wa Dije wanzaman ƙasar nan ba su da tausayi, dubi yadda suka lalata fuskar mutane. Ta ce, "Haka ne, Malam." Ta gyara hannunta a cikin mayafi.

A Ikko gidan Alhaji Mamuda muka sauka, mutumin Rurum ne mai fataucin goro, ya daɗe a can har Hausarsa ta fara tsami. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, Allah ya saka masa. Amma abinci! Teba suke ce mata, tuwon rogo ne da ba a tuƙa a wuta, a kwaɓa da ruwan zafi kawai a miƙo maka, da miyar da ka rantse faɗa aka yi da mai dakan barkonon. Na tsamo wani nama mai taushi ina yabawa, Alhaji ya ce dodon koɗi ne. Kwana biyu gasasshiyar masara na ci. Washegarin zuwanmu kuma na ga wani ƙato da kwat da takalmi ya zube rub-da-ciki a gaban wata tsohuwa a tsakiyar titi. Na ce farfaɗiya! Har na fara kwance zabira, Alhaji ya riƙe ni, ya ce gaisuwa yake yi.

Asibitin bene ne a kan bene, ko'ina warin magani. Aka haɗa mu da tafinta, wani ma'aikacin wanke ciwo, Malam Garba. Yana buɗe baki na ji Bazazzagi ne, na ce shi ke nan, Allah ya haɗa ni da bawana a bakin teku. Ya ce, "Bakano, kai da ka zo da waranti, wane ne bawan wani?" Shi ya kai mu wurin likitan. Dogo ne, tsoho, jan kunne, da ɗan ƙaramin ma'auni rataye a wuya, shi ya sa na sa masa Mai Ma'auni. Bai dubi fuskar Dije ba sai da ya gama da hannun. Ya auna, ya latsa, ya ɗauki hoto ta gaba da ta baya, yana gyaɗa kai kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Sannan ya tambaya wa ya yi mata magani da farko.

Dije ta sunkuyar da kai ta ce, "Wata tsohuwa ce a garinmu." Garba ya fassara, likita ya rubuta. Ni kuwa na yi gyaran murya na dubi rufi.

Aka ba ta gado, aka ce sai an yi shawara. A kwanakin nan Garba ya zagaya da ni ɗakin masu ƙuna, ya nuna mini aikin Mai Ma'auni. Wai ciwo daban, tabo daban. Ciwo ya rufe a mako uku, amma tabo yana nan yana aiki a ɓoye har shekara, yana kauri yana jan fata, kamar ƙirgin da aka shanya ba a kafe gefensa ba. Don haka ya raba majiyyatansa. Wasu ya ɗaure musu tabon tam da ƙyallen roba, wasu a murza musu mai safe da yamma, wasu a haɗa musu duka biyun. Kowane mako ya bi su gado gado da ma'auninsa, ya auna kaurin tabo ya rubuta a littafi, don ya ga wanne ya fi kwantar da shi. Na ce, "Yanzu mutum ya ƙetaro teku, ya bar iyalinsa, don ya auna tabo? Mu muna can muna yi, shi yana nan yana gogewa. In ya ci nasara ai ya kashe mana kasuwa."

Garba, da yake Bazazzagi ba ya riƙe magana, ya kwashe ya kai wa likita. Sai ga shi an aiko a kira ni. A nan ne maganar kujera ta samo asali, kuma gaskiya ce, har da matashi. Mai Ma'auni ya ce ya daɗe yana son ya zauna da wanzami. Me ya sa tsagarmu ke kwanciya lif a fuska, tabon wuta kuwa ya tashi ya yi tudu? Kai jama'a! Aka taɓo ni inda nake so. Na baje masa asake a kan tebur. Na nuna masa yadda ake bin kwanciyar fata ba a gicciye ta, da zurfin da ba a wucewa, da baƙin tukunyar da ake shafawa in ana son zane ya fito. Ina faɗa yana rubutawa. Na fito ina taku ɗai-ɗai, na ce wa Dije, "'Yar Fammar, ashe su ma a wurinmu suke koyo." Ta ce, "Madalla, Malam."

Ranar shawara aka tara ɗaliban likita sun fi goma, samarin Kudu da fararen riguna, aka zaunar da Dije a tsakiya, ni kuma a kujerata a gefen likita. Ya ɗaga hannunta yana bayani, Garba na raɗa mini. Wai su duba da kyau, wannan shi ne abin da ke faruwa in aka haɗa ƙonannun yatsu aka naɗe wuri ɗaya. Ɗanyen nama ya sami ɗanyen nama, dole su haɗe. Da an raba su, an sa ƙyalle a tsakanin kowanne, an miƙar da su a kan ɗan katako, da yanzu tana murza ƙulinta. Sai ya juyo gare ni, abokin sana'a, ya ce me na gani game da aikin tsohuwar nan?

Me kuke so in ce? Na ce jahila ce. Na ce irinsu ne ke ɓata mana suna. Har na ƙara da cewa in na koma zan sa a kai ƙararta wurin dagaci. Ɗalibai suka yi dariya suna rubutawa. Dije tana kallon ƙasa.

Sai likita ya daina murmushi. Ya ce saura tambaya ɗaya, kuma a kanta komai ya rataya. In wutar ce ta ci jijiyoyin yatsun tun ranar, to buɗe su wahalar banza ce, ba zai sa mata wuƙa ba, mu koma gida. In kuwa yatsun na motsi bayan ƙunar, kafin a ɗaure, to jijiya na nan da rai a ƙarƙashin tabo, zai gwada. Ya tambayi Dije. Ta ce ita ba ta cikin hayyacinta a ranar, ba ta sani ba. Da gaskiyarta, ba ta sani ba. Likita ya rufe littafi, ya ce abin takaici, tsohuwar kaɗai ta sani, ga shi tana can Arewa.

Na ce, "Suna motsi."

Garba ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Tsohuwar."

Likita ya buɗe littafi. Duka biyar? Na ce duka biyar, ƙaramin ne kawai ke nauyi. Ta yaya ta sani? Na ce ta sa ta damƙe mata yatsa, ta damƙe har da ƙarfi. Bayan hannun ya yi fari ko ja? Na ce ja, da ƙuraje masu ruwa, tafin ne ya yi fari wajen gindin ƙaramin yatsa. Kwana nawa a ɗaure? Ashirin da ɗaya, an ƙara zuma ta sama ranar bakwai ba a kwance ba.

Garba ya daina fassara. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Malam Ɗanladi, don Allah in tambaye ka. Tsohuwar nan, tana da gemu?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Na dubi Dije, ta ɗago ta dube ni, karo na farko a ranar. Na ce wa Garba, "Gaya masa ni ne. Ni na ɗaure. An ce a kai ta disfensa na hana, don kada a ce matar wanzami ta je."

Na jira zagi, ko a kira ɗan sanda. Ina! Mai Ma'auni ya miƙe tsaye ya kama hannuna yana girgizawa kamar an yi masa haihuwa. Wai shekara da shekaru yana neman tsohuwar nan. Duk majiyyacin da aka kawo masa, daga Arewa har bakin teku, in ya ce wa ya ɗaure, sai a ce wata tsohuwa ce a garinmu, bai taɓa ganinta ido da ido ba sai yau. Ya sa aka kawo abin hoto. Saboda haka in kun ji an ce hotona na cikin littafin likitoci, gaskiya ne, yana ciki. Ku dai kada ku tambayi abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa.

Aka sa ranar aiki. Za a tsaga tsakanin yatsun, a yanko fata daga cinyarta a lulluɓe inda ya buɗe. Na ce a yanki tawa, ni na ɓata. Likita ya ce fatar wani ba ta kama jikin wani, kowa da tasa ake masa faci, amma in ina son taimako ana bukatar jini. Na ce jini? Ni da na zubar da jinin da ya fi na mahauta? Na nannaɗe hannun riga. Wata sista Bayarabiya ta fito da allura. Iyakar abin da na sani ke nan. Na farka a ƙasa ana mini fifita da littafin likita, Garba na tsaye a kaina yana cewa, "Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa." Sun dai ɗiba ina kwance.

Mako shida muka yi. Ranar da aka kwance, likita ya ce ta motsa. Babban yatsa ya motsa, manuni ya bi, na tsakiya ya ɗan yi gardama ya bi. Biyun ƙarshe suka ƙi, sun rabu da juna amma suna nan a lanƙwashe. Ya ce waɗannan sun daɗe da yawa, sai haƙuri. Ukun ma, in ji shi, aro aka ba mu. Tabo zai dawo ya ja su in aka yi sake. Sai ta sa safar roba mai matsewa shekara guda, kuma kullum safe da yamma wani ya zauna ya murza kowane yatsa da mai, ya miƙar da shi, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa zai yi? Na ce ni. Ya ce ya yarda, don ya ga na iya ɗauri, saura in koyi kwancewa.

To kun ji dalilin da kuke zuwa da hantsi ku tarar ban fito ba. Na san abin da ake faɗa a bakin kasuwa, wai Ɗanladi ya je Ikko ya dawo mijin-ta-ce, yana tsakar gida da kwalbar man kaɗanya yana wa mace tausa. A faɗa. Kuma duk wanda wuta ta taɓa wani nasa, kada ya kawo mini. Ku raba yatsun, ku sa ƙyalle mai tsabta a tsakani, ku ɗora shi a jaki ku nufi Rano. Gajeren wandon yaron nan ba ya hana shi sanin aikinsa.

Na yi wa mutane tsaga ba iyaka a garin nan, kowacce sai da aka zo aka roƙe ni. Yatsun nan biyu su kaɗai ne tabon da na yi ba wanda ya sa ni, kuma kullum sai an miƙo mini abinci da su.

Yau da safe na hango ta a bakin rariya da buta. Ta zura yatsun hagu a tsakanin na dama, ɗaya, biyu, uku, ruwa na bi ta tsakani yana zuba. Ta daɗe tana yi, ta fi sau ukun da aka ce. Da ta idar ta zo ta zauna, ta miƙo mini hannun. Na lakato mai na kama manuni, na fara murzawa, har na matsa da ƙarfi ban sani ba.

Ta ɗan janye, ta ce, "A hankali mana, tsohuwa."